Hasumiyar Gobarau da Mutanen Bakin Daji

A tsakiyar birnin Katsina, ba nisa da gidan Sarki, akwai wani dogon gini na ƙasa wanda ake kira Gobarau. Tsawonsa ƙafa 50 ne, watau kimanin mita 15. A yau akwai benaye da hasumiyoyin masallatai waɗanda suka ɗara shi tsawo, har baƙo ya iya wucewa ta gindinsa bai ɗaga kai ba. Amma an yi shekaru aru-aru babu ginin da ya kama ƙafarsa a birnin duka. Mutumin Batsari ko na Safana, in ya shigo birni ya gan shi, yakan ɗauka abin mutanen birni ne, ba ruwan talakan ƙauye da shi. Alhali kuwa in an bi labarin ginin nan daki-daki, za a tarar ya shafi mutanen yamma, mazauna bakin dajin Rugu, fiye da kowa.

Asalin Gobarau hasumiyar masallaci ce. Mutanen Katsina sun ce an gina masallacin a zamanin Sarki Muhammadu Korau, wanda ake lissafa shi shi ne Sarkin Katsina Musulmi na farko, wanda har yanzu ake kiran fadar Katsina da sunansa, Gidan Korau. Masu tarihi sun saɓa a kan shekarun sarautarsa. Waɗansu sun ce daga 1348 zuwa 1398, waɗansu kuwa sun ce daga wajen 1445 zuwa 1495. Ko wanne aka ɗauka, asalin ginin ya haura shekara 500.

A zamanin nan Katsina tana tasowa, fatake suna ƙetaro hamada da raƙuma, malamai kuma suna biyo su da littattafai. Wajen 1493 Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili, mutumin Tilimsan, ya zo Kano da Katsina, ya karantar. Bayansa aka yi Alƙali Aida Ahmad, wanda Katsinawa ke kira Ɗantakum, ya rasu wajen 1529. Sa'an nan aka yi Wali Ɗanmarina da Wali Ɗanmasani, wanda aka haifa cikin 1595, ya rasu cikin 1667. Har aka sami wani Bakatsine, Malam Muhammadu Alkatsinawi, gwanin lissafi, wanda ya je ya zauna a Alƙahira, ya rasu can cikin 1741. Masallacin Gobarau shi ne masallacin Jumma'ar birnin, shi ne kuma matattarar masu neman ilmi daga nesa da kusa.

Tsofaffi suna ba da labari cewa sa'ad da za a aza harsashin masallacin, gardama ta tashi tsakanin malamai a kan inda alƙibla take. Wannan ya ce nan, wancan ya ce can. Sai wani malami, wai shi Jodoma, ya fusata, ya nuna wani waje da sandarsa, jama'a suka duba, suka hangi Ka'aba ƙiri-ƙiri, gardama ta ƙare. Wannan dai labarin baka ne, amma ya nuna irin girman da wurin yake da shi a zukatan Katsinawa.

To, yaya aka yi ƙasa tsurarta ta miƙe har ƙafa 50, ba siminti, ba rodi? Wannan aikin magina ne, waɗanda suke da sana'arsu ta gado da shugabansu, Sarkin Magina. Da rani ake gini, sa'ad da ba a tsoron ruwa. A haƙo jar ƙasa, a jiƙa ta, a zuba mata yankakkiyar ciyawa, a tattake ta da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta tsima, a sāke cuɗawa. Daga nan a mulmula tubali da hannu, gindi da faɗi, kai da tsini, a shanya shi a rana har ya bushe ƙaƙas. Magini yana zaune bisa bango, yara suna jefa masa tubali da curin ƙasa, yana jerawa, gindi ƙasa, tsini sama, yana cike tsakaninsu. Ba ya ɗora sabon sahu sai na ƙarƙashi ya sha iska, gama ɗanyen gini ba ya ɗaukar kaya. Saboda haka dogon gini irin wannan ba aikin gaggawa ba ne.

Wanda ya tsaya ya dubi Gobarau zai ga hawa uku aka yi ta, kowane hawa ya fi na ƙarƙashinsa ƙanƙanta. Gindin ƙato ne, mai kaurin gaske, bangon kuwa yana tafiya yana tsukewa. Ba don ado aka yi haka ba. Ƙasa tana jure nauyin da ya danna ta daga sama, amma ba ta jure abin da ya karkata ta gefe. In aka sa nauyi a gindi, aka rage shi a sama, sai ginin ya zauna daram kamar suri. Akwai matakala wadda ake bi a hau har ƙoli, da 'yan ƙananan tagogi. Ƙanƙantar taga ma da dalilinta, don babbar kafa tana raunana bango. Inda ake bukatar itace, kamar bisa ƙofa ko wajen rufi, sai a sa azara, watau tsagin giginya, wadda gara ba ta cinta da sauƙi.

Irin wannan gini ba Katsina kaɗai ke da shi ba. A Agadas akwai hasumiyar ƙasa mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa wajen 1515, aka sāke ta cikin 1844. A Tambutu kuma akwai masallacin Jingarebar, wanda aka gina wajen 1327. Waɗannan garuruwa duk hanyar fatauci ɗaya ta haɗa su da Katsina. Bambancin da ke akwai shi ne, ta Agadas an bar itatuwa sun fito daga jikinta ko'ina, su ne matakan masu yaɓe.

Maganar yaɓe kuwa ita ce ran ginin ƙasa. Babban abokin gabansa ruwan sama ne. Don haka magina suke shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko da katsi, wanda ake kwasowa daga marina, su sa indararo ya fid da ruwa nesa da gindi. Duk da haka kowace damina sai ta ɗebi rabonta. In kaka ta yi, aka duba inda ya zaizaye aka toshe, ginin ya yi shekara ɗari biyar. In aka ƙyale shi, shekara goma ta isa ta mai da shi kufai. Watau ginin ƙasa ba a gama shi rana ɗaya a huta. Kowace shekara sai an sāke biyan haƙƙinsa.

Aikin hasumiya na fari shi ne kiran salla. Amma da yake babu abin da ya kai ta tsawo, sai ta sami aiki na biyu, ta zama wurin tsaro. Katsina kuwa ba ta rasa abokan gaba ba. Ta yi ta gwabzawa da Kano shekara da shekaru, Kwararrafa sun kawo mata yaƙi daga kudu, Gobirawa kuma daga arewa maso yamma. Aka kewaye birnin da ganuwa mai tsawo, wadda ake danganta ta ga Sarki Ali Murabus, da gwalalo a bayanta, da ƙofofi irin su Ƙofar Guga, da Ƙofar Yanɗaka, da Ƙofar Ƙaura, da Ƙofar Sauri, da Ƙofar Durɓi, da Ƙofar Marusa, da Ƙofar Kwaya. Wani matafiyi Bajamushe, Dokta Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarimu, ya zo Katsina cikin 1851, ya ƙiyasta kewayen ganuwar mil 13 zuwa 14 ne. An yi ta da faɗi haka don gonaki da rijiyoyi su kasance a ciki, in an yi wa birni zobe kada yunwa ta ci shi.

Ganuwa ba ta da amfani in ƙofa tana buɗe sa'ad da mahara suka iso. Nan ne aikin mai tsaro ya fito. Yana bisa Gobarau, idonsa na kan daji. Rundunar dawaki ba ta ɓoyuwa da rani, ƙurarta ke fara tona ta. Da ya hangi ƙura inda ba hanyar fatake ba, sai ya yi shela, a buga ganga, manoman da ke bayan gari su sheƙo da iyalinsu da dabbobinsu, masu ƙofa su rufe, barade su ɗaura sirdi, 'yan baka su hau ganuwa.

To, amma a nan akwai wani lissafi wanda ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi. Duniyan nan mulmulalliya ce kamar lemo, shi ya sa kome kaifin idon mutum, akwai inda ƙasa take lanƙwasawa ta ɓoye masa abin da ke gaba. Mutum a tsaye a fili yana hangen kimanin mil 3. In ya hau abu mai tsawon ƙafa 50, hangensa ya kai kusan mil 9, in babu itatuwa ko hazo. Mil 9 kuwa tafiyar kamar sa'a guda ce ga doki mai sassarfa. Ashe ke nan abin da Gobarau take bai wa birni sa'a ɗaya ce tak, ko ta ɗara kaɗan in ƙura ta tashi sama. Sa'a ɗaya ta isa a rufe ƙofa. Ba ta isa a ceci wanda yake nesa ba.

Daga Katsina zuwa Batsari kuwa mil 30 ne ko fiye, Safana ta fi haka nisa. Mai tsaron Gobarau, ko da ya kwana ido biyu, ba zai ga hayaƙin garin da aka ƙone a ƙasar Ruma ba. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mutanen yamma ko hangen ma ba su samu ba.

Me ya tsare su a zamanin da? Su suka tsare kansu, da irin dabarar da aka tsare birni. Ƙasarsu Allah ya yi ta da duwatsu, kowane dutse kuwa hasumiya ce wadda ba a biya magini ba. Sai su kafa gari a gindin dutse, su ja ganuwa, su haƙa gwalalo, su bar sarƙaƙiya ta yi duhu a bayansa yadda doki ba ya ratsawa. Ƙauyen da bai isa ganuwa ba ya yi kafi na itace. Yaro yana bisa dutse yana duba daji, manya suna noma da baka da kwari a gefen kunya. In an ga abin tsoro, mahayi ya fita zuwa gari na gaba, na gaba ya aika wa na gaba, har labari ya kai ga Sarki da Ƙaura tun maharan suna tafiyar kwana biyu. Watau idon Gobarau na gaskiya ba tagoginta ba ne, garuruwan nan ne na bakin iyaka. Muddin suna cike da mutane, birni yana gani har inda ƙasarsa ta ƙare.

An gane gaskiyar wannan magana sa'ad da aka rasa garuruwan. Cikin 1804 aka fara jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, cikin 1807 Katsina ta shiga hannun Malam Ummarun Dallaje. Zuriyar sarakunan da suka yi arewa, daga baya suka kafa mulkinsu a Maraɗi, ba su kuwa fid da rai ga komowa ba. Wajen 1843 Sarkinsu Ɗanmari ya shigo ƙasar Ruma, garuruwa da yawa suka bi shi, suka yi wa Katsina tawaye. Sarkin Katsina Siddiku ya ci su da yaƙi, ya kuma hore su horo mai tsanani. Garuruwa suka watse, gonaki suka koma daji. Cikin 1844 Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe Siddiku, amma ɓarnar ta riga ta auku. An kashe tawaye, an kuma tsone idon ƙasa. Dajin da ya rufe kufan nan shi ya zama mafaka da hanya ga mahara daga arewa. A zamanin Ɗanbaskore, da kuma na Ƙaura Hasau, mayaƙan Maraɗi suna kai hari har ƙasar Kano da ta Zazzau.

Dokta Barth ya ga wannan hali da idonsa. Cikin 1853 ya tashi daga Katsina za shi Sakkwato tare da ayarin Galadiman Sakkwato. Saboda tsoron Gobirawa ba su miƙe yamma sosai ba, sai suka karkata kudu, suka bi ta Kuraye, da Kurfi, da Zakka, wadda take cikin ƙasar Safana a yau. A Kurfi ya tarad da ganuwa bayan ganuwa, gwalalo bayan gwalalo, ga duwatsu sun kāre wani sashe. Daga Zakka suka ratsa dajin da sauri, suna wuce kufan garuruwa, har suka fita Bunka da Zurmi. Shi ne kuma ya ƙiyasta mutanen birnin Katsina a lokacin ba su wuce 7,000 ko 8,000 ba, a cikin ganuwar da aka yi don ninkin haka sau da yawa.

Ita kanta Gobarau a wannan zamani ta ga ta kanta. Bayan jihadi an gina sabon masallacin Jumma'a, aka bar tsohon. Da aka daina salla aka daina yaɓe, masallacin ya rushe, hasumiyar kaɗai ta rage, damina tana cinta. Cikin 1903 Gwamna Lugga ya shigo Katsina ta Ƙofar Yanɗaka, ƙofar da hanyar Batsari take fita. Sai a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka tara magina suka gyara ta. Siffar da ake gani yanzu ta bayan gyaran nan ce. Cikin 1959 Gwamnati ta sa ta cikin kayan tarihi na ƙasa waɗanda doka ta hana a taɓa. A cikin shekarun nan ne kuma hare-hare suka ƙare, mutane suka bar gindin duwatsu suka bazu cikin gonaki, ƙasar yamma ta sāke cika, Sarkin Ruma yana Batsari, Yarima yana Safana. Ganuwoyi suka zube, ba wanda ya damu, gama ba a bukatarsu.

Da labarin ya tsaya nan, da sai a ce tatsuniya ce mai daɗin ƙarshe. Amma ba a nan ya tsaya ba. Jama'a ta yi yawa, gona ta ci burtali da makiyaya, rigima tsakanin manomi da makiyayi ta yi ta ƙaruwa ba a raba ta da adalci ba. Ɓarayin shanu suka sami bindigogi da babura, suka fara da garken makiyaya, suka koma kan ƙauyuka da satar mutane don kuɗin fansa. Dajin Rugu ya koma aikinsa na da. A watan Fabrairu na 1920 da wani ya faɗi haka da an yi masa dariya, amma a watan Fabrairu na 2020 'yan bindiga suka faɗa wa Tsauwa da Ɗankar a ƙasar Batsari, suka kashe mutum 30. A watan Disamba na shekaran nan aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandare ta Ƙanƙara aka yi daji da su, aka sako su bayan kwana shida. Ƙauyuka da dama suka tashi, mata da yara suka cika Batsari da birnin Katsina.

Hasumiyar wannan zamani ita ce dogon ƙarfen wayar salula, wanda ya fi Gobarau tsawo, yana kuma kai magana inda ido ba ya kaiwa. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya na waɗansu watanni a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana, don kada masu tsegunta wa 'yan bindiga asiri su sami hanya. Dalilin yana da ƙarfi, amma talakan da ya hangi babura ya rasa yadda zai yi shela. A watan Oktoba na 2023 kuma Gwamnatin Jiha ta kafa rundunar tsaro ta 'yan ƙasa, aka ɗebi samari daga garuruwan da abin ya shafa, don su suka san daji da hanyoyinsa. Wannan komawa ce ga dabarar kakanni, ta yaron da ke bisa dutse.

Abin da Gobarau take koya wa mai hankali bai wuce uku ba. Na fari, tsawon gini ba ya tsare kowa, sai da mutum a farke a bisansa, da waɗanda za su amsa in ya yi kira. Shelar da ba mai amsawa kuka ce kawai. Na biyu, ƙasar da aka bari ta zama kufai ba ta zama a banza, wani ne zai shige ta. Duk ƙauyen da ya tashi a bakin Rugu, ido ɗaya ne na birni ya rufe. Horon da ya haɗa mai laifi da marar laifi, manomi ne ko makiyayi, daji yake ƙara wa faɗi, kamar yadda ya faru a zamanin Siddiku. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Na uku, zaman lafiya ginin ƙasa ne. Ba a gama shi a tafi, yaɓe yake so kowace shekara: alƙali ya yi gaskiya, a bar wa shanu hanyarsu, a biya manomi ɓarnarsa, a sa yara makaranta, hukuma ta zo da wuri in an kira ta.

Wanda ya iya karatu da rubutu yana da rabonsa a cikin aikin nan. Shi ne zai rubuta wa hukuma takarda da sunan garinsu, ya faɗi rana da wuri da abin da ya faru, ba ƙari ba ragi. Shi ne zai tantance labarin gaskiya da jita-jita kafin ya yaɗa, gama mai tsaron da ya yi shela a kan ƙurar guguwa, gobe ba mai tashi in ya kira. Shi ne kuma zai zauna da tsofaffi ya rubuta sunayen kufai da ganuwoyin ƙasarsu tun ba su ɓace ba. Mutumin birni kuwa, in ya wuce ta gindin Gobarau, ya tuna iyakar hangenta mil 9 ne, sauran tsaronsa yana hannun 'yan'uwansa na bakin daji.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya mai da waɗanda suka yi gudun hijira gidajensu, ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.